Sai na nemi izini kafin in yi kwamin ninƙaya a gida?

Abban Yara: Salamu alaikum jama'a. Ina da ɗan fili a bayan gida ina so a haƙa min kwamin ninƙaya saboda yara, birkilana ya ce ba sai an je hukuma ba tunda rami ne ba bene ba, kuma cikin katangata ne. Haka ne kuwa?

Injiniya: Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka biye masa don Allah, in an zo rushewa ba za ka gan shi ba. A yawancin wurare hukumar tsara gine-gine gini take ɗaukarsa, za su nemi takardun fili da zane mai nuna girma da zurfi da tazararsa da katangar maƙwabci, don in ka haƙa dab da fandisho ƙasa na iya zaftarewa ginin ya tsage, sannan su duba ko akwai bututu ko wayar wuta ko sokawe a ƙarƙashi. Wutar famfo da fitilu kuma dole a sa mata na'urar da ke yankewa da kanta in ta fara zuba, ruwa da lantarki ba wasa.

Bafaranshe: Ya danganta da ƙasa fa. A Faransa in bai wuce murabba'in mita 10 ba galibi ba ka neman komai, daga nan zuwa 100 sanarwa za ka shigar, sama da haka sai cikakken izini. A Ostireliya kuwa ko na roba ne in ruwan ya kai zurfin santimita 30 sai an kewaye shi.

Maman Biyu: Ni shingen nan ne damuwata wallahi, yaro in ya faɗa ruwa ba ya ko ihu. Tsayin mita 1.2 ake so, ƙofar ta riƙa rufe kanta, sakata a sama inda hannunsu bai kai ba. Katangar gida ba ta wadatar ba tunda yaran a ciki suke.

Abban Yara: Na gode. To ruwan in za a canja ina ake zubar da shi?

Injiniya: Shi ma a zanen za ka nuna. Akwai kulorin a ciki, wato sinadarin da ake tsabtace ruwan da shi, wasu hukumomin ba sa yarda a sake shi a kwata kai tsaye. Ka fara zuwa ofishinsu ka karɓi ƙa'idojin a rubuce kafin ka ba birkila ko sisi.