Musayar Waƙa: Kujerar Bogoro, Dass da Tafawa Ɓalewa

Malamin Tarihi: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau mazaɓar tarayya ta Bogoro, Dass da Tafawa Ɓalewa a jihar Bauchi za mu bi daga tushe. Mai baiti ya ɗora a kan nawa.

Bismillahi na ɗau alƙalami,
Zan bi sawun kujerar Tafawa Ɓalewa.
Ƙasar duwatsu, ƙasar manoma,
Fulani da Hausa, Jarawa da Sayawa.
A 1951 babu akwati,
Zaɓe hawa-hawa ne, ana ta tacewa.
Ƙauye ya fid da wakili zuwa gunduma,
Can a lardi ake ƙarshen yankewa.
Hakimi na zaune, dagaci na kallo,
Talaka da ra'ayinsa sai haɗiyewa.
Ta nan Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta,
Ya bi ta Kaduna, Ikko ya kai ga isowa.
Ministan ayyuka ne a 1952,
A 1957 Firayim Minista, ba mai musawa.

'Yar Dass: Malam, Allah ya ƙara basira. Ka tsaya kafin zuwan akwati, ga ci gaban.

12 ga Disamba, shekarar 1959,
Arewa ta jefa ƙuri'a kai tsaye, ɗaya bayan ɗaya.
Kujeru 312 aka yi wa takara,
174 namu ne, sauran na Kudu gaba ɗaya.
Ba a dangwala yatsa gefen alama,
Akwati daban aka ajiye wa kowace jam'iyya.
NEPU da tauraro, AG da kwakwa,
NPC ta Abubakar kuwa tana da fartanya.
Ka shiga lungu kai kaɗai da takarda,
A nan ɓarakar take, mu faɗi gaskiya.
Wani ya soke ta cikin aljihu ya fito,
Ya sayar wa mai tarawa ta bayan hanya.
Shi kuma ya shiga da damin takardu,
Ya zuba wa akwatin gwaninsa lokaci ɗaya.
Mu mata kuwa ko rajista ba a yi mana ba,
Sai 1976 aka daina barin mu a baya.
Rabin mazaɓa na tsakar gida tana daka,
Wannan ƙidayar ai ba ta cika ba, Malam, ka jiya.

Ɗan Bogoro: Yaya, kin faɗi daidai. Na gaba ya fi ciwo.

A ƙarshen Disamba ta 1964,
Ko akwati ba a buɗe ba aka ce an yi nasara.
Babu hamayya, haka aka shelanta,
Abubakar shi kaɗai ya rage a takara.
A mazaɓu da dama haka ta kasance,
Kuma ga yadda ake ƙulla dabara:
Mai karɓar takardar tsayawa ya ɓace,
Har wa'adi ya cika, ɗan adawa ya yi asara.
Ko a kama waɗanda suka sa masa hannu,
Takarda ta mutu, ba damar gyara.
15 ga Janairun 1966 soja suka shigo,
Majalisa ta rufe, shekara bayan shekara.
An dawo a 1979, soja suka sake rufewa; a 1992 sai ƙato bayan ƙato,
SDP da NRC, layi biyu aka tsara.
Ƙirge ya yi sauƙi, sirri ya tafi,
Mai bin ka bashi na ganin layin da ka ƙara.

Mai Alƙalami: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Bari in kawo mu zamanin nan.

Tun 1999 kujeru 360 ne,
12 rabon Bauchi a zauren majalisa.
Ƙananan hukumomi uku, wakili guda,
Wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci gasa.
Yakubu Dogara ya hau a 2007,
PDP ce ta ɗauko shi daga ƙasa.
Ya maimaita a 2011, a 2015 yana APC,
9 ga Yuni 'yan majalisa suka ɗora shi bisa.
Ƙuri'a 182 da 174,
Gbajabiamila da takwas kacal ya rasa.
Ɗan Bogoro ya zama Kakaki,
A 2019 lema ta sake zama tasa.
A 2020 ya koma wa tsintsiya,
Jam'iyya na sauyawa, mutane na bin sa.
Lissafin nan duk mai nema ya riƙe shi:
Hukuma ɗaya ba ta kai mutum Abuja, ko da wasa.
Sai ka haɗa Dass da ƙauyukan Lere,
Masallaci da coci, na kusa da na nesa.

Tsohuwar Malamar Zaɓe: 'Ya'yana, kun kawo tarihi. Ga inda kujerar ke kuɓucewa a yau.

Rumfa ke buɗewa takwas da rabi,
In mota ta makale a rafi, rana ta yi gaba.
Na'urar BVAS ta karanta yatsa ko fuska,
Ba a ba ka takarda in ba ta amince ba.
Biyu da rabi a tsayar da layi,
A zazzage akwati, a ware, a raba.
A ƙirga da ƙarfi, a cike takardar sakamako EC8A,
Wakilin jam'iyya ya karanta ya duba.
Ya sa hannu, ya karɓi kwafinsa,
Kada ya bar rumfa in ba a liƙa ba.
In ƙuri'u sun haura waɗanda aka tantance,
Rumfar ta soku, dokar zaɓe ta 2022 ba ta yafe ba.
In tazara ta gaza katunan rumfunan da aka soke,
Sai ka ji an ce zaɓe bai kammala ba.
Daga rumfa zuwa gunduma hatsarin yake,
Dare, babur, hanyar da ba a shimfiɗa ba.
Can ake kwafe lamba zuwa takardar gunduma EC8B,
Sifili guda ya shiga, in wakili bai farka ba.

Malamin Tarihi: Hajiya, Allah ya saka. Ga na kotu a taƙaice.

Kwana 21 ne na shigar da ƙara,
In ya wuce, ƙofa sai rufewa.
Kotun zaɓe tana da kwana 180,
Ɗaukaka ƙara 60, daga nan ba wucewa.
Alƙali zai nemi EC8A ta kowace rumfa,
Da wakilin da ya ga ƙirgen, ya zo shaidawa.