Neman shawara: Kansilolin New York suna da iko a kan inshorar lafiyar 'yan fansho?

Baban Hafsat, Bronx:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata 63, kuma shekara 19 ke nan ina aiki a ƙarƙashin gwamnatin birnin New York. Niyyata in ajiye aiki idan na cika 65, in riƙa raba shekara tsakanin nan da Kumasi. Abin da ke hana ni barci shi ne inshorar lafiya. Ina da ciwon suga, uwargida kuma hawan jini, kuma a ƙarƙashin inshorata take. Tun rigimar Medicare Advantage, wato shirin birni na mayar da 'yan fansho daga Medicare, inshorar gwamnatin tarayya ta 'yan shekara 65 zuwa sama, zuwa hannun kamfanin inshora mai zaman kansa, kowa da abin da yake faɗa a wurin aiki. Wani ya ce kansiloli sun riga sun kare mu, wani ya ce da ƙuri'a ɗaya za su iya soke komai. Ofishin kansilanmu na kusa da masallacin da nake Juma'a. In je in same shi, ko wahalar banza zan yi?

Ɗan Zango:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka ɓata takalminka. Kansila sai gyaran titi da ɗaukar hoto. Magajin gari da shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago ne suka ƙulla abin, su kaɗai za su kwance.

Hajiya Babba, 'yar fansho:
Ɗan Zango, ka faɗi rabi ka bar rabi. Alhaji, ni abin a kaina ya faɗo, bari in warware maka.

Akwai sashe a kundin dokokin birni, 12-126. Shi ya wajabta wa birni biyan kuɗin inshorar ma'aikaci da ɗan fansho da iyalinsu, har zuwa iyakar farashin HIP-HMO, ɗaya daga cikin tsare-tsaren inshorar ma'aikatan birni. Wannan sashe kansiloli 51 na majalisar birni ne ke da ikon gyara shi. A farkon 2023 an kai musu ƙudirin sassauta shi, tsofaffi muka cika zauren majalisa da sandunanmu, ƙudirin bai kai ga ƙuri'a ba. Ka ga ashe ba hoto kaɗai suka iya ba.

Amma ikonsu a nan ya tsaya. Wane kamfani, wane tsari, nawa za ka ciro daga aljihu idan ka ga likita, duk wannan ciniki ne tsakanin ofishin magajin gari da gamayyar ƙungiyoyin ma'aikata, MLC. Dokar jiha ta Taylor, tun 1967, ita ta ba ma'aikatan gwamnati haƙƙin wannan ciniki, kuma birni ba ya tsallake dokar jiha. A wancan teburin aka shirya mayar da mu, kusan mutum 250,000, zuwa Medicare Advantage don birni ya rage kashe dala miliyan 600 a shekara. Abin haushin, mu da muka yi ritaya ba mu da kujera a wurin. An yi mana aski ba ma nan.

Malam na Harlem:
Hajiya ta yi bayani. In ƙara abin da mutane da yawa ke ruɗewa a kai: fansho daban, inshora daban. Tsarin mulkin jihar New York ya hana a rage wa ma'aikaci fansho, amma tun 1985 babbar kotun jiha ta ce wannan kariya ba ta haɗa da inshorar lafiya ba.

Kotun nan ta yi hukunci biyu a wannan rigima. A Disamba 2024 ta ce duk tsarin da birni ya ba 'yan fansho zaɓinsa, dole ya biya kuɗinsa har iyakar da 12-126 ta sa. Da ma so aka yi mai son zama a Senior Care, tsohon tsarin da ke cike giɓin Medicare na asali, ya riƙa biyan dala 191 a wata, wannan ya faɗi. A Yuni 2025 kuma ta ce 'yan fansho ba su tabbatar da cewa an yi musu alkawarin tsari ɗaya har mutuwa ba. Birni ya yi nasara ke nan, sai dai magajin gari na lokacin, Eric Adams, ya fito ya ce ya janye shirin. Janyewar magajin gari kuwa ba doka ba ce.

Ɗan Zango:
To me ya hana kansilolin su rubuta shi a doka kowa ya huta?

Hajiya Babba:
An gwada, ɗana. Kansila Christopher Marte ya kawo ƙudiri. Manyan ƙungiyoyi suka ce shiga gonar ciniki ne, majalisa ba ta da hurumi. Mu muka ce ai ɗan fansho ba ma'aikaci ba ne, wa ya yi ciniki da yawunsa? Nan ake ta jan igiya. Ni dai a ganina wanda ke da ikon sassauta 12-126 yana da ikon ƙarfafa shi, amma ni ba alƙali ba ce.

Maman Amira, ma'aikaciyar jinya:
Baba, ni maganar Kumasi ce ta tsaya mini. Medicare na asali ba ya biyan magani a wajen Amurka sai a wasu 'yan lokuta ƙalilan. Mai suga da zai yi wata shida a gida ya san yadda zai yi da maganinsa tun kafin ya sayi tikiti. Kuma idan ka yi ritaya kada ka yi wasa da rajistar Part B, ɓangaren Medicare da ke biyan kuɗin ganin likita, jinkiri yana jawo tara ta dindindin. Birni na mayar wa 'yan fanshonsa kuɗin Part B, amma sai ka tura musu kwafin katinka. Shekarun aikinka sun wuce goman da ake nema ga waɗanda aka ɗauka bayan 2001, ta nan ba ka da matsala. Ka tambayi ƙungiyarka a rubuce wane tsari Mama za ta zauna a kai idan ka riga ta cika 65.

Baban Hafsat:
Allah ya saka da alheri. Da shekara shida na girme ta, kuma wallahi ban taɓa kawo wannan a raina ba. Litinin zan fara da ofishin ƙungiya. Kansila kuma zan je bayan Juma'a, tambaya ɗaya zan yi masa: idan aka sake kawo 12-126, ina zai jefa ƙuri'arsa? Hajiya, in kina da lambar ƙudirin Marte ki turo mini in riƙe a hannu.