Birki bai tsinke ba, bai shanye ba: me za mu kira abin da ya same shi a gangaren Hada?

Assalamu alaikum jama'a. Neman kalma nake yi, kuma ina roƙon kanikawanmu na Sana'iyyar Jidda, unguwar gareji, da direbobin da ke bin hanyar Ɗa'ifa su sa baki. Bature yana cewa "brake fade". Mu da Hausa me za mu ce?

Ga abin da ya jawo tambayar. Ina da Datsun 280Z ƙirar 1977, ta kawuna ce, Allah ya jiƙansa, kuma shekara biyu ke nan ina tayar da ita. Juma'ar da ta wuce na hau Hada, tsaunin da ke hanyar Ɗa'ifa, da ita, bayan la'asar na kamo gangara zuwa Makka. Duk wanda ya san hanyar ya san kwana ce kan kwana, daga tsauni mai kusan mita 2,000 zuwa garin da bai kai mita 300 ba. Ban yi rabi ba na fara jin ƙauri. Na taka birki, feda tana nan da taurinta, amma mota ba ta ji kamar yadda ta saba ba. Na ƙara nauyin ƙafa, ta ɗan ji. A kwana ta gaba sai da na taka da iya ƙarfina. Na jefa ta giya ta biyu, na samu wuri na raɓe, na kashe inji. Bayan kamar minti 20 birki ya dawo garau.

Washegari na ce wa bakanike birkina ya shanye. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya, ya duba masta, wato famfon da ke tura man birki, ya leƙa bayan kowace taya, bai ga ko ɗigon mai ba. Ya ce, Alhaji, motarka lafiya lau. Ban ga laifinsa ba. Yoyo na tura shi nema, domin a bakinmu shanyewar birki ita ce mai ya zube ko iska ta shiga, ka taka feda ta tafi ƙasa. Tsinkewa kuma ita ce wani abu ya karye ko ya fashe, birki ya tafi ba dawowa. Nawa bai zubar da komai ba, bai karya komai ba, ya tafi a hankali, ya kuma dawo da kansa.

Aikin birki shi ne ya mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai kilo 1,300 in ta sauko mita 1,500, ƙarfin da za a kashe ya isa ya kai ruwa fiye da lita 50 ga tafasa. Iska tana ɗaukar wani, inji yana ɗaukar wani in ka sa ƙaramar giya, sauran duk a kan faifan birki da fahmat, wato takalman da ke matse faifan, yake sauka. Ita kuwa wannan mota faifan gabanta ƙarfe ne guda, ba shi da ramukan shan iska a tsakiya, bayanta kuma ganga ce. In fahmat ya ɗauki zafin da ya fi ƙarfinsa, ƙaron da aka haɗa shi da shi yakan fara ƙonewa, fuskarsa ta yi santsi, sai ya riƙa matse faifai ba ya kamawa. Ƙaurin da na ji ke nan.

To ina sauraro.

Ƙari, bayan isha. Na gode, amsoshi sun zo da yawa.

Mafi yawanku kun ce "gajiyar birki". Ta zo kusa, amma ku tuna yadda muke faɗin ta a gareji. In aka ce mota ta gaji, ana nufin ta tsufa, kayanta sun cinye. Ka ce wa bakanike birki ya gaji, zai sa maka sabon fahmat irin wanda ya cire, ka biya, ka koma Hada abin ya sake samunka. Fahmat ɗin da aka sa jiya ma yana iya yin haka cikin minti biyar na gangara.

Malam da ya kawo "dusashewa", Allah ya ƙara ilimi, ita ce abin da ƙamus zai ba mu. Sai dai launin shadda ne ke dusashewa, da hasken fitila, kuma shaddar da ta dusashe ba ta dawowa don an ajiye ta a inuwa. "Dakushewa" ma haka, wuƙa ba ta wasa kanta.

Yayana ɗan Mai Wurno ya ce "suman birki", tunda wanda ya suma yana farfaɗowa. Wannan ta tsaya mini a rai, na daɗe ina juya ta. Yaya, inda na rabu da kai shi ne suma faɗuwa ce gaba ɗaya, a lokaci guda. Abin da nake so direba ya gane shi ne matakin da ke kafin nan, lokacin da birki ke ja da baya kaɗan-kaɗan, yana ba ka dama ka tsaya.

Wadda ta kwanta mini ta fito daga bakin wani dattijo na Shara Mansur a Makka, wanda ya shekara da shekaru yana jigilar alhazai tsakanin Mina da Arfa. Ya ce, yaro, birkinka galabaita ya yi. Baba, Allah ya ƙara girma, ka gama magana. Mu da ke zaune a ƙasar nan mun san galabaita ido da ido a kowane aikin Hajji. Rana ce ke kawo ta. Ba ta zuwa farat ɗaya: tafiya ta fara nauyi, ƙafa ta fara ja, mutum yana ji ana kiransa amma ba ya iya amsawa da ƙarfi. Ba ciwo ne a jikinsa ba, ƙaƙƙarfan saurayi ma tana kama shi. A kai shi inuwa ya huta, ya miƙe. A matsa masa ya ci gaba, ya faɗi. Duk siffofin nan huɗu suna cikin abin da ya samu birkina, kuma kalmar da kanta tana gaya wa direba abin da zai yi.

Wata 'yar'uwa ta ce galabaita ta mai rai ce, ƙarfe ba ya galabaita. Hajiya, ai tuntuni muka ba mota rai. Muna cewa ta mutu, ta tashi, tana shan mai, batir ya yi sanyi.

Wani ustaz bakanike ya ja hankalina cewa galabaitar iri biyu ce, kuma da gaskiyarsa. In feda tana da tauri mota ba ta tsayawa, fahmat ne ya galabaita. In feda ta yi laushi tana nutsewa, man birki ne ya tafasa, tururi ya shiga tiyo, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, ba ya tura fistin. Man birki mai lambar DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205 na Salsiyos, DOT 4 kuma 230. Amma man yana tsotsar laima, ga shi mu a Jidda laima ba ta yankewa. In ya sha ruwa, ma'aunin DOT 3 yana sauka zuwa 140, na DOT 4 zuwa 155. Wannan na biyun mu kira shi tafasar mai. In har feda ta kai ƙasa, Yaya, a nan kalmarka ta suma ta samu gurbi.

Da na samu sunan ciwon sai lissafin gyarana ya canza. Da niyyata in je tashlih, kasuwar kayan tsofaffin motoci, in samo kaliba, wato maƙatar da ke danna fahmat, mai fistin huɗu ta tsohuwar Toyota a-kori-kura, wadda masu irin motar nan suka daɗe suna ɗaurawa, in tsaya nan. Amma ƙarin cizo a kan faifan da ba ya fitar da zafi ba ya hana galabaita. Yanzu zan fara da zubar da tsohon mai in sa DOT 4, ba DOT 5 ba, domin shi na silikon ne, ba a gauraya su. Sai fahmat mai jure zafi, da sabbin tiyo. Bayan nan faifai mai ramukan iska na Nissan 300ZX tare da faffaɗar kalibar da ta dace da kaurinsa, in rim ɗina na inci 14 ya ɗauke su. Tunda fistin sun ƙaru, za a sa mastar Datsun 280ZX mai faɗin 15/16 na inci a madadin ta asali mai 7/8, don kada feda ta yi nisa. Gangar baya za a gyara ta a daidaita, ba za a bar gaba ya ɗauki aikin shi kaɗai ba.

Yau da safe na koma wurin bakaniken nan na ce masa, Malam, ba shanyewa ya yi ba, galabaita ya yi a gangara, feda da taurinta. Bai ko kalli tiyo ba. Ya ɗaga mota, ya cire tayar gaba, ya zaro fahmat ya miƙo mini: fuskarsa tana ƙyalli kamar tangaran, faifan kuma ya yi shuɗi-shuɗi a gefe.