Hajiya ta fara gigin tsufa, ƙanina na kan maganin ƙwaƙwalwa: ciwo ɗaya ne?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, a ɓoye sunana don Allah. Ƙanina shekararsa 26. Yana jami'a ciwo ya same shi: jin muryoyi, zargin ana bin sa, kulle kai a ɗaki. Asibiti suka ce sikizofireniya ce, suka ɗora shi kan Haldol da Artane, alhamdu lillahi ya natsu. Yanzu kuma mahaifiyarmu ce, shekararta 73. Sai ta ɓoye kuɗi ta manta, ta ce surukarta ce ta ɗauke. Da la'asar ta ƙulle kaya wai za ta gidan babanta, wanda ya rasu tun muna yara. Dare kuma ba ta barci. Yayanmu ya ce ciwon gida ne, tunda ƙwayar ta kwantar da ƙaninmu a riƙa ɓallo mata rabi. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Ciwo ɗaya ne? A ba ta?

Wata uwa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba su lafiya. Wannan ai tsufa ne kawai 'yar uwa, kakata ma haka ta yi. A dage da addu'a da haƙuri.

Wani likitan ƙwaƙwalwa: Amin. Malama, kafin komai: kada a ba ta. Addu'a kam a ci gaba, amma abin da kika lissafa ya wuce tsufa. Tsoho kan manta inda ya ajiye carbi, ba ya mantawa mahaifinsa ya rasu.

Yayanki ba shi ne na farko da ya haɗa su ba. Babban likitan nan na Jamus, Emil Kraepelin, da kansa ya kira sikizofireniya da sunan da ke nufin gigi mai zuwa da wuri. Kuma a sashensa Alois Alzheimer yake aiki lokacin da ya bayyana ɗaya ciwon, wato gigin tsufan da ake kira da sunansa, a 1906. Daga waje suna kama: zargi, rikicewa, rashin barci. A ciki ne suka raba hanya.

Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86, kowace tana aika saƙo ga dubbai ta wasu ƙananan mahaɗai, inda sinadari ke tsallakawa daga wannan zuwa waccan. Duka cututtukan biyu mahaɗan nan suke taɓawa. Yaro yana tasowa da mahaɗai fiye da bukatarsa, sai lokacin balaga ƙwaƙwalwa ta rage su, kamar yadda ake datse rassan mangwaro don ya yi 'ya'ya. Tun 1982 wani masani, Irwin Feinberg, ya kawo ra'ayin cewa a sikizofireniya datsewar ce take wuce kima. A 2016 masu bincike a Harvard suka nuna cewa masu nau'in ƙwayar gado C4 da ke aiki da yawa sun fi shiga haɗarin ciwon, kuma a gwajin ɓeraye C4 ce ke sa wa mahaɗai alamar a cire su. Wannan ya dace da yadda ciwon ya fi kama matasa, daga ƙarshen shekarun goma sha zuwa wajen 30. Ba a gama tabbatar da shi ba, amma ni ya fi gamsar da ni a kan tsohon bayanin nan na cewa dofamin, ɗaya daga sinadaran da ke kai saƙo a mahaɗai, shi ne kawai ya yi yawa. Abin lura shi ne ƙwayoyin jijiyar ƙaninki galibi suna nan da ransu, mahaɗansu ne suka ragu.

A ciwon Alzheimer kuwa, wanda ke da kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na masu gigin tsufa, furotin biyu ne ke lalacewa. Amiloid yana taruwa tsakanin ƙwayoyin, tau kuma yana cukurkuɗewa a cikinsu. Mahaɗai su fara zubewa, daga baya ƙwayoyin kansu su mutu, ana farawa daga sashen da ke adana sabon abu. Shi ya sa Hajiya ke tuna gidan babanta amma ba ta tuna inda ta sa kuɗi ɗazu. Zargin sata ma daga nan yake: kuɗin babu, ajiyewar ba ta shiga kanta ba, to wa ya ɗauka?

Haldol yana toshe hanyar dofamin ne, ba ya taɓa amiloid ko tau. Hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2005, ta faɗaɗa shi a 2008 har ya haɗa da Haldol, cewa irin waɗannan magunguna suna ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffi masu gigi. Akwai ma wani nau'in gigin tsufa, da ake kira na Lewy, wanda ƙwaya kaɗan ta irin wannan maganin kan sandarar da mai shi. Mukan bayar wani lokaci in tura ta kai bango, amma ɗan kaɗan, na ɗan lokaci, bayan an duba mutum.

Wata ma'aikaciyar jinya: Likita ya gama magana, sai dai in ƙara kan Artane, don mutane na raina ta. Sinadarin asetilkolin take dannewa, shi ne kuma wanda ya riga ya yi ƙaranci a kan mai Alzheimer. Maganin da ake ba su ma, irin su Aricept, ƙara shi yake yi. Kin ga ba ta Artane ƙara mata mantuwa ne, ga riƙewar fitsari da bayan gida. Ku kuma sa magungunan ƙaninku inda hannunta ba ya kaiwa.

Wani ɗan uwa: Tana da hawan jini ko suga? Babanmu haka ya fara, ashe ƙananan shanyewar ɓarin jiki yake ta yi ba mu sani ba. Da aka daidaita jinin abin ya lafa sosai.

Mai tambaya: Tana da hawan jini, amma ta daina shan magani tun bara. Likita, ina za mu kai ta? Sannan batun gado fa? Ina da yara uku.

Likitan: To wannan ma babban dalili ne na zuwa da wuri, don lalacewar jijiyoyin jini ita ce ta biyu wajen jawo gigi. In kuna Kano akwai Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da na Dawanau. Akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri. A auna jini da suga, da bitamin B12, da aikin maƙoƙo, da fitsari, don wasu cikinsu kan rikita tsoho kuma suna jin magani. In rikicewar ta ƙaru farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a jira ranar ganin likita.

Gado akwai shi a duka biyun, amma hanyoyinsu daban ne, ciwon Hajiya ba shi ne ya fito a jikin ƙaninki ba. Ko tagwaye masu kama ɗaya, in ɗaya ya kamu da sikizofireniya, kusan rabin lokaci ɗayan ba ya kamuwa. 'Ya'yan 'yar uwa kuwa haɗarinsu kaɗan ne. In sun taso, ki tsare su daga wiwi.

Wata suruka: Don Allah a zaunar da matar yayan nan a karanta mata bayanin likita. Ni aka taɓa kira ɓarauniya a gidan miji kan irin wannan, har yaji na yi. Ku daina musu da Hajiya kan kuɗin, ku ce mu je mu duba tare. Yawanci wuri ɗaya suke ɓoyewa, tawa ƙarƙashin katifa ne.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na tura wa Yaya, ya yarda mu kai ta ranar Litinin. Da azumi za ta je saboda gwajin suga, ko ta karya?

Ma'aikaciyar jinyar: Ta je ba ta ci komai ba, ruwa kawai, ku riƙe mata abin karyawa a jaka. Ku tafi da kwalin tsohon maganin hawan jininta, kuma wanda ya fi zama da ita a gida shi zai shiga wajen likita.