Ina riƙe da A biyu, in zubar ko in bi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Na fara koyon wasan kati na poker a waya, na kyauta wanda ba a sa kuɗi. Jiya ina riƙe da A biyu (A shi ne kati mafi girma), babu mai alamar zuciya a ciki, sai masu zuciya huɗu suka sauka a tebur, inda ake buɗe katunan da kowa ke haɗawa da na hannunsa. Wani da tun ɗazu yake lallaɓawa ya tura duk abin da yake da shi. Me ya kamata in yi?

Yaya Babba:
Zubar, ƙanena. Kafin a buɗe tebur babu hannun da ya kai A biyu, suna cin kusan kashi 85 cikin 100 in mutum ɗaya kake fuskanta. Amma da zuciya huɗu a ƙasa, duk mai zuciya ɗaya tak a hannu ya haɗa biyar iri ɗaya, ya wuce ka. Kada abin da ka riga ka zuba ya ja ka, ya bar hannunka tuni.

Na Daura:
Don Allah dai a tsaya a na kyautar. Kuɗi na shiga ta zama caca.

Yaya Babba:
Haka ne, Malam. Ƙanena, ka kuma lura da wanda ya tura. Mai yawan burga ana iya bin sa wani lokaci. Mai lallaɓawa irin mutumin nan in ya tura duka, da wuya hannunsa wayam ne.