Shawarwarin waɗanda suka zaga wuraren tarihin Turkiyya

Masu shawarar sun fi haɗuwa a kan abu guda: kada a ƙare ziyara a Ayasofya kaɗai, wato tsohon cocin da ke birnin Istanbul. Ginin ya cancanci gani, an kammala shi a 537, ya zama masallaci a 1453, gidan tarihi a 1934, ya koma masallaci a 2020. Amma layin shiga yana cinye safiya, don haka a yi sammako.

Wurin da suka fi yabo, ni ma na yarda da su, shi ne ƙaramin masallacin Rustem Pasha da Mimar Sinan, babban maginin Daular Usmaniyya, ya gina a saman shaguna, kusa da kasuwar kayan ƙamshi ta Istanbul. Za ka hau ƙuntataccen bene, sai ga bango lulluɓe da tayil ɗin garin Iznik, shuɗi da ja, furanni iri-iri.

Fadar Topkapi, tsohuwar fadar sarakunan Daular Usmaniyya a Istanbul, ba ta buɗewa ranar Talata.

Mai zuwa kufan tsohon birnin Afisa, a yammacin Turkiyya, da rani ya riƙe ruwa da takalmi mai kama ƙasa, domin daɓen marmara yana da santsi. Sun kuma ja kunne sosai: kada ka ɗauki ko tsakuwa daga kufai, fitar da kayan tarihi laifi ne a dokar Turkiyya.