Muhawara kan zoben tazarar haihuwa da aka tsinta a firiji

Maman Khalil: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau raina a ɓace yake, kuma gara in faɗi abin da ke cina a nan da in faɗe shi inda za a ce na yi rashin kunya. Wasunku sun san muna zaune a Ingila inda maigidana yake karatu, kuma mun zo gida bikin ƙanwarsa. Na haifi yara uku cikin shekara biyar, na ƙarshen sai da aka yi mini aiki, shi ya sa likita ta ce in huta. Na gwada ƙwaya, mantuwa ta hana ni. Na gwada allurar wata uku, jini ya riƙa ɗigo mini har na kasa bambanta ranar tsarki da wadda ba ta tsarki ba. Daga nan aka rubuta mini zoben roba mai suna NuvaRing, wanda mace take sa wa kanta a gabanta, ya zauna mako uku, ta cire ta huta mako ɗaya, sannan ta sa sabo. Shekara guda ke nan ina amfani da shi lafiya lau.

Da za mu taho na riƙo na wata mai zuwa, kuma da yake an rubuta a takardarsa kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 30, sai na naɗe shi a baƙar leda na cusa a ƙofar firiji bayan gorunan zoɓo. Jiya yayar maigidana ta kwance ledar, ta karanta kwalin, ta fito da shi tsakar gida tana ɗagawa a gaban 'yan biki, wai ga abin da ya tsayar wa ƙaninta da haihuwa, wai irinsa yakan shige mahaifa ya ruɓar da ita. Surukata ba ta ce uffan ba, amma tun jiya ciki-ciki take amsa gaisuwata. Da sanin mijina da yardarsa nake yi. Ina da yaƙinin zoben nan ya fi ƙwaya da allura sauƙi ga mace irina, ba ya kuma kashe mahaifar kowa, kuma ba zan ji kunyar ƙayyade iyalina ba don wata ta ga damar tozarta ni. Shawara nake nema: in yi wa surukata bayani da kaina, ko in bar wa ɗanta?

Ummu Sumayya: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarki, 'yar'uwa, amma akwai kalma ɗaya da ba zan iya tsallakewa ba. Kin ce ba ki jin kunyar ƙayyade iyali. Musulma ba ta ƙayyade iyali, domin ƙayyadewa yanke adadi ne, mutum ya ce uku zan haifa daga nan na rufe ƙofa, wannan kuwa ba hurumin bawa ba ne. Abin da malamai suka yi rangwame a kansa shi ne tazara. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta raba su biyu: ta hana yanke haihuwa gaba ɗaya sai da larura, ta kuma halatta jinkirta ciki na wani lokaci idan ma'aurata sun yi shawara sun amince kuma babu cutarwa. Ina roƙonki ki janye kalmar.

Anti Talatu: Haba Malama! Yarinya ta zo da kukanta, an tona mata asiri a gaban dangin miji, ke kuma ba ki ga komai ba sai kalma? Mu da muka taso muna sauraron rediyo, "ƙayyade iyali" muka fara ji, daga baya ma'aikatan lafiya suka koma cewa "tazarar haihuwa" da suka lura kalmar farko tana korar mutane. Ƙwayar ɗaya ce, allurar ɗaya ce, suna kawai aka sake.

Ummu Sumayya: Anti, da abu ɗaya ne da ba a sake sunan ba. Ƙwayar tana iya zama ɗaya, amma niyya ba ɗaya ba ce, kuma da niyya ake auna aiki. Sahabi Jabir ya ce sun kasance suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka, kuma aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shayarwa shekara biyu cikakku. Duk wannan tazara ce. Ki kawo mini inda aka ce a tsayar da lamba.

Anti Talatu: Ita ma ba ta ce ta tsayar da lamba ba, ke kika tsayar mata. Duk matar da ta yi magana a zauren nan sai kin bi bakinta da ma'auni.

Hajiya Babba: 'Ya'yana ku yi haƙuri da juna. A zamaninmu babu zobe babu allura, amma mun san tazara. Mace ta haihu sai ta tafi gida wanka, ta yi goyonta, kuma wadda ta yi rurrutsa har waƙa ake yi mata a dandali. Ni abin da ke damuna ba kalmar ba ce, abin da ake cusawa ne. A 1996, lokacin annobar sankarau, wani kamfanin magani na Amurka ya gwada sabon magani a kan yara kimanin 200 a Kano, 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a. Tun daga nan duk abin da ya fito daga can da sunan taimakon mata da yara sai na kalle shi sau biyu. Kada ku yi saurin la'antar yayar mijin nan, ita ma kishin zuriyar ɗan'uwanta take yi, ko da yake bai kamata ta yi shi a bainar jama'a ba.

Sista Ungozoma: Hajiya, abin da ya faru a Kano ya faru, ba wanda zai musa, kuma shi ne ya sa har gobe muke shan wahala wajen shawo kan iyaye. Amma wancan magani ne da ake kan gwajinsa, wannan zoben kuwa tun 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi, kuma matansu ne suka fara amfani da shi. Bari in yi bayanin abin da aka zo da shi, tunda na ga an bar shi a baya.

Zoben roba ne mai laushi, faɗinsa santimita 5.4, ana matse shi tsakanin yatsu biyu a tura shi ciki. A farji yake zama, ba a mahaifa ba, kuma ba shi da hanyar wucewa, domin bakin mahaifa tsukakke ne ƙwarai. Saboda haka maganar ya shige ya ruɓar da mahaifa ba ta da tushe. Aikinsa shi ne sakin sinadaran homon guda biyu kaɗan-kaɗan kullum, irin waɗanda ke cikin ƙwayar tazara mai haɗa sinadari biyu, su hana ƙwai fita, su kuma sa majinar bakin mahaifa ta yi kauri. Idan aka daina, ƙwai yakan dawo fita ba da daɗewa ba, har ma ya fi allurar wata uku saurin saki, don ita allurar takan jinkirta ɗaukar ciki na wasu watanni. Idan an bi ƙa'idarsa daidai, ƙasa da mace 1 cikin 100 ke samun ciki a shekara. A yadda mutane suke amfani da shi da mantuwa da jinkiri, kimanin 7 ne cikin 100, daidai da ƙwaya. Idan ya faɗo, a ɗauraye shi da ruwa mai sanyi ko mai ɗumi-ɗumi a mayar kafin awa uku.

Amma ƙanwata, ba zan yarda da ke cewa ba shi da illa ba. Yana ƙara haɗarin daskarewar jini a jijiya, ko da yake ciki da jego sun fi shi wannan haɗarin. Ba a ba wa mai hawan jini, ko wadda jini ya taɓa daskare mata, ko mai ciwon kai na ɓari ɗaya da ke zuwa da walƙiya a ido, ko mai shan taba da ta haura shekara 35, kuma ba a so mai shayarwa ta fara shi kafin jariri ya yi wata shida. Tunda jirgi za ku hau na awanni, ki riƙa miƙewa kina taka ƙafa, kuma idan kika ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko ƙirji ya riƙe numfashi yana sama-sama, asibiti za ki nufa nan take.

Maman 'Yanbiyu: Ni abin da ya tsaya mini shi ne cewa da aka yi zobe "ya fi" allura. Ya fi ta a wajen wa? Mu nan sai mu kwana uku ba wuta, firijin ma ya zama kabad ɗin ajiye kwanuka, kuma a watan Afrilu ɗakina ya fi ƙarfin digiri 30 nesa ba kusa ba. Allura da ashanar fata muke samu a asibitin unguwa, su suka rufa mana asiri. Shekarata huɗu da ashana a damtsena. Ba daidai ba ne wadda Allah ya kai Turai ta dawo tana raina abin da talaka ya dogara da shi.

Maman Khalil: Wallahi Yaya ban raina ba, cewa na yi ga mace irina, kuma na faɗi yadda muka yi da allurar. Ita kuma Malama, kalmar kuɓuce mini ta yi cikin fushi, hutu nake yi ba rufewa ba.

Anti Talatu: Kada ki janye komai, 'yata. Idan kika fara janyewa yau, gobe zoben za a ce ki cire.

Sista Ungozoma: Maman 'Yanbiyu tana da gaskiya a maganar zafi, kuma ashana ta fi zobe tabbas, don babu mantuwa a cikinta. Sai dai ba zobe ɗaya ba ne a duniya. Akwai Annovera da aka amince da shi a Amurka a 2018, guda ɗaya yana yin shekara, ana cirewa a wanke a mayar, kuma ba ya buƙatar firiji. Akwai kuma na masu shayarwa da aka fara amfani da shi a ƙasar Chile, mai sinadari ɗaya, yana yin wata uku muddin mace tana ba da nono aƙalla sau huɗu a rana, har an yi nazarin karɓuwarsa a Najeriya da Kenya da Senegal.

Amarya Sabuwa: Ku gafarce ni, ni ce ƙarama a cikinku. Na taɓa ji a rediyo ana maganar wani zobe da mata suke sawa don kariya daga cutar ƙanjamau. Idan shi ne wannan, to watakila abin da ya tayar wa dangin mijin hankali ke nan, sun ɗauka zargin ɗansu take yi.

Maman Khalil: Subhanallahi! Ƙanwata, ki iya bakinki. Ban taɓa zargin mijina ba, kuma ba wanda ya kawo wannan maganar a gidan sai ke yanzu.

Sista Ungozoma: Wancan daban ne, Amarya. Zoben dapivirine ake ce masa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar amfani da shi a 2021 don rage kamuwa da ƙanjamau, kuma ba ya hana ciki. Wannan kuma yana hana ciki amma ba ya kare mace daga kowace cutar saduwa. Siffa ce kawai ta haɗa su.

Hajiya Babba: To kun gani. Zobe huɗu aka lissafa mana yanzu, ina tsohuwa irin surukar nan za ta bambanta su? Yarinyar nan ba ta yi laifi ba da ta tambaya, a daina yi mata tsawa.

Ummu Sumayya: Alhamdu lillahi tunda ta ce hutu take yi. Amma Anti Talatu, hana mutum komawa ga daidai ba ƙauna ba ce. Kuma Sista, kin yi ta lissafa mana shekaru da ƙasashe, ba ki ce komai ba a kan kalmar da ake magana a kanta.

Sista Ungozoma: Malama, ni a ɗakin haihuwa nake kwana. Matar da ta zo mini da sabon ciki alhali wata biyar ke nan da yi mata aiki, ɗinkin bai gama ƙwari ba, ba na tambayarta wace kalma take amfani da ita.

Uwar Zaure: 'Yan'uwa, dare ya yi, zan rufe wannan magana. Abin da na fahimta an tsaya a kansa shi ne, kalmar "ƙayyade iyali" kuskure ce, Malama Ummu Sumayya ta kawo hujja daga Alƙur'ani da hadisi da fatawar malamai, ba wadda ta iya ture ta, mai maganar ma ta janye, kuma daga yau "tazara" za mu riƙa cewa a zauren nan. Na biyu, ita kanta Sista ta tabbatar cewa zoben yana daskarar da jini kuma ashana ta fi shi, ga shi ba ya jure zafin ƙasarmu, don haka ba abin da za mu kwaɗaita wa matanmu ba ne. Na uku, a riƙa yi wa dangin miji uzuri kamar yadda Hajiya Babba ta yi nasiha. Ina gode wa Malama musamman bisa haƙurin da ta yi da maganganun da aka faɗa mata.

Anti Talatu: Ba haka Sista ta ce ba, Uwar Zaure. Kin ɗauki rabin maganarta kin bar inda ta ce zoben ba ya shiga mahaifa kuma haihuwa tana dawowa, wanda shi ne ƙazafin da aka yi wa yarinyar nan a tsakar gida.

Maman Khalil: Na gode muku duka. Sista, na rubuta alamomin da kika faɗa a bayan takardar jirgina. Ranar Laraba ce ranar sa sabon zoben, kuma har yanzu yana hannun yayar maigidana, ta ƙi mayar mini da shi. Gobe da safe bayan an watse daga walima zan shiga ɗakin surukata in gaishe ta, kuma har yanzu ba wadda ta gaya mini ko in buɗe maganar ko in jira ɗanta ya dawo daga rakiyar amarya.